Wa Ya Fara Zana Fuskar Nan Mai Ƙaton Kai da Baƙaƙen Idanu?

Maman Sadik:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya, kuma da gaske nake, don maganar ta kai ga ɓacin rai a gidanmu. Ranar Asabar na shiga Ƙofar Wambai na tsinto wa Sadik riguna a gwanjo. Cikinsu akwai wata baƙa mai kauri, a ƙirjinta an buga wata fuska: kai ƙato kamar an kifa ƙwarya, haɓa siririya, idanu manya-manya baƙaƙe wuluk sun karkata sama kamar ƙwallon mangwaro, hanci ɗigo biyu, baki ɗan tsaga. Ni ban kawo komai a raina ba, ingancin yadin na duba. Yaron kuwa ya ƙwallafa rai a kanta. Jiya Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta zo ta gan shi da ita, sai ta ɗauki salati, ta ce hoton aljani na sa wa jikanta, maza a cire a ƙona. Sadik ya yi ta kuka yana cewa "eliyan" ne, ai har a wayar babansa akwai. Na duba, wallahi tana nan cikin 'yan fuskokin da ake turawa a WhatsApp. To ni dai so nake in sani, daga ina fuskar nan ta fito? Wani ne ya ga abin ido da ido aka ɗauki hotonsa, ko zane ne kawai? Ba na so in yi wa Hajiya musu a kan abin da ban sani ba.

Abba Mai Buga Riguna:
Wa alaikumus salam Anti. Ni kam na buga ta ta fi a ƙirga, samari na son ta a kan hula da riga. Amma ban taɓa tambayar asalinta ba. Bari mu jira Malam.

Malam na Samaru:
Wa alaikumus salam Maman Sadik. Kin sosa mini inda yake ƙaiƙayi, domin kusan duk shekara sai ɗalibaina sun kawo mini wannan tambaya idan muka zo darasin taurari. Babu hoton wannan halitta ko ɗaya da aka tabbatar a duniya. Zane ne, kuma ana iya bin sawunsa baya kamar yadda ake bin salsalar gida.

A 1893 wani marubuci ɗan Ingila, H. G. Wells, ya rubuta maƙala yana hasashen yadda ɗan Adam zai koma bayan shekara miliyan. Lissafinsa shi ne, tunda mutum da ƙwaƙwalwa yake ƙara aiki, injina kuma suna karɓe aikin ƙarfi, to kai zai yi ta girma, gashi ya zube, haƙora da muƙamuƙi su shanye, jiki ya tsamure, idanu su yi manya. Ki koma ki dubi rigar Sadik da wannan bayanin a ranki. Tun asali jikokinmu aka zana, daga baya aka tura su sama aka ce baƙi ne. Shi Wells ɗin a 1901 ya yi wani labari na tafiya duniyar wata, ya cika shi da halittu masu manyan kawuna da manyan idanu.

Amma fa ba nan take fuskar ta ci kasuwa ba. Zancen faifai mai tashi, wato jirgin da ake cewa na baƙin sama ne, ya ɓarke ne a Amurka a Yunin 1947, lokacin da wani matuƙin ƙaramin jirgi, Kenneth Arnold, ya ce ya ga abubuwa 9 suna gudu kusa da dutsen Rainier. Bayan nan mutane suka yi ta cewa sun haɗu da masu tuƙa fayafayan, sai dai kowa da irin nasa. George Adamski a 1952 ya ce wanda ya gani a hamadar Kalifoniya kyakkyawan Bature ne mai dogon farin gashi, daga tauraruwar nan Zara da muke ce wa matar wata. A Agustan 1955 wasu iyalai a ƙauyen Kelly na jihar Kentaki suka kwana suna harbin wasu gajerun abubuwa masu tsinin kunne da idanu masu ƙyalli, suna leƙo su daga kan rufi da bishiya. Masu bincike daga baya suka ce siffar ta yi daidai da wata babbar mujiya mai tukkun kunne da ake samu a yankin. 'Yan jarida kuwa suka yayata su da sunan "korayen 'yan mutane", alhali mutanen gidan launin azurfa suka faɗa. Da a ce halitta ɗaya ce ke zuwa, ai da bakin shaidu ya zo ɗaya tun farko.

Maman Sadik:
Ikon Allah. To Malam, yaushe bakin nasu ya zo ɗaya?

Malam na Samaru:
Daga kan wasu ma'aurata, Betty da Barney Hill. Barney baƙar fata ne ma'aikacin gidan waya, Betty farar fata mai aikin jin daɗin jama'a, a zamanin da irin wannan aure laifi ne a jihohin Amurka da dama. A Satumbar 1961 suna dawowa daga Kanada cikin dare a motarsu, a tsaunukan jihar New Hampshire, suka ga wani haske kamar yana bin su. Sun iso gida a makare da awanni fiye da lissafinsu. Bayan 'yan kwanaki Betty ta soma mafarkai cewa wasu mutane sun ɗauke su sun shigar da su cikin jirginsu, ta kuma rubuta su. Abin lura a nan: mutanen mafarkinta suna da baƙin gashi, da manyan hanci, da kaki da huluna. Fatarsu ce kawai toka-toka.

Sai a 1964 suka soma zama da wani likitan ƙwaƙwalwa a Boston, Benjamin Simon, wanda yake sa mutum cikin wani irin magagi da magana don ya tono abin da ke damunsa. A zaman 22 ga Fabrairu ne Barney ya siffanta idanu dogaye masu zagayowa har gefen fuska. Shekaru bayan haka wani mai bin diddigi, Martin Kottmeyer, ya lura cewa a 10 ga Fabrairu, kwana 12 kacal kafin zaman, an nuna wani shiri a talabijin na Amurka mai halitta da irin waɗannan idanu. Betty ta ce ba su san shirin ba, wannan kuma haƙƙinta ne a faɗa. Shi dai likitan nasu da kansa ya ce a ganinsa mafarkin Betty ne ya shiga kan mijinta saboda yawan jin sa. Ban taɓa ɗaukarsu maƙaryata ba. Mutane ne masu mutunci a garinsu, kuma Barney ya sha wahalar abin, har gyambon ciki da rashin barci. Wani abu ya firgita su a daren nan, siffarsa ce ta yi ta sauyawa da shekaru.

Littafin labarinsu ya fito a 1966, aka yi fim ɗinsa na talabijin a 1975. A 1977 Steven Spielberg ya fitar da babban fim ɗinsa na saukar baƙin sama, kuma ƙananan yara mata ya sa wa kayan roba suka fito a matsayin halittun, shi ya sa kike ganin jiki irin na yara. Wanda ya ƙarasa aikin shi ne bangon littafin Whitley Strieber mai suna Communion a 1987. Wani mai zane, Ted Seth Jacobs, ya zauna da marubucin yana faɗa yana zanawa. Littafin ya hau kan gaba a ciniki, fuskar ta cika shagunan littattafai da filayen jirgin sama. Daga nan duk wanda ya ce an ɗauke shi cikin dare, kusan ita yake siffantawa.

Injiniya Bashir:
Allah ya gafarta Malam, na ji bayaninka kuma na ƙaru, amma ban yarda an gama magana ba. Ka kawo na Amurka inda kowa ke da talabijin. Me za ka ce da abin da ya faru a garin Ruwa na Zimbabuwe? Ranar 16 ga Satumba 1994, yara 62 na makarantar Ariel suna hutun safe, suka ce sun ga wani abu ya sauka bayan filin wasa, wani gajere sanye da baƙaƙen kaya mai manyan idanu ya fito. An ba su takarda kowa ya zana. John Mack, farfesan ƙwaƙwalwa daga jami'ar Harvard ta Amurka, ya tako har can ya zauna da su. Yau sun zama iyaye, da yawansu ba su janye ko kalma ba. Yaro ɗaya zai yi ƙarya, biyu za su haɗa baki, amma 62? Sannan ma'aikatar tsaron Amurka da kanta ta saki bidiyo 3 na matuƙan jiragen yaƙinta a 2020, rahotonsu na 2021 ya duba abubuwa 144, ɗaya tak suka iya bayyanawa. Ruwa ba ya tsami banza.

Malam na Samaru:
Injiniya, ka kawo mafi ƙarfin hujjar da ake da ita, kuma ba zan raina yaran nan ba. Amma ka haɗa da sauran labarin. Kwana biyu kafin ranar, mutane da yawa a kudancin Afirka sun ga wuta tana ratsa sama da dare, wadda aka danganta da ɓaraguzan rokar Rasha da ke faɗowa, gidajen rediyo suka cika da zancen faifai mai tashi. Makarantar kuma ta masu hali ce, yaran ba baƙin talabijin ba ne. Matar da ta fara yi musu tambayoyi, Cynthia Hind, a rukuni ta yi, kowa na jin amsar kowa. Kai ma ka san yadda aji yake in yaro ɗaya ya faɗi abu. Zanen nasu ma bai zo ɗaya ba, wasu har dogon gashi suka sa masa. Kuma wasu daga cikin yaran baƙar fata da farko sun ɗauka tokoloshe ne, ɗan dodon tatsuniyoyin ƙasarsu, shi ya sa suka fashe da kuka. Kowane yaro ya ɗebo daga rumbun da ke kansa.

Bidiyon sojojin kuwa ɗigo ne a kan na'ura, babu fuska, babu kai, babu ido. "Ba mu gane ba" daban, "baƙi ne daga wata duniya" daban. Ofishin da suka kafa don binciken ya fitar da rahoto a Maris 2024 cewa bai sami shaidar fasahar wata duniya ba. Tambayar Maman Sadik a kan fuskar ce, ita kuwa fuskar ba ta taɓa fitowa a na'urar kowa ba.

Injiniya Bashir:
Na karɓi maganar fuskar. Maganar yaran Ruwa kuma ina nan a kan bakana, wani abu sun gani.

Sista Hauwa:
Ku ba ni dama in sa baki ta ɓangaren aikina. Ni abin da ya fi kama ni a labaran masu cewa baƙin sama sun sace su shi ne yadda suke farawa. Mutum yana kwance rigingine, ya farka tsakar dare, idonsa biyu amma ya kasa ɗaga ko ɗan yatsa, ƙirji ya yi nauyi, ya buɗe baki ihu ya ƙi fita, ga wani abu tsaye a bakin gado. Jama'a, wa bai san wannan ba a cikinmu? Dannau ke nan.

Ya taɓa kama ni lokacin da nake jere aikin dare. Na dawo da safe na kwanta a falo ko takalmi ban cire ba. Ina ganin labule, ina jin muryar mai talla a waje, ina jin fanka, amma jikina kamar an zuba masa siminti. A bakin ƙofa na ga wata doguwar inuwa mai mayafi, na ji a raina tana matsowa. Na yi ta ƙoƙarin karanta Ayatul Kursiyyu a zuci har babban yatsan ƙafata ya motsa, sai komai ya sake ni lokaci guda. Duka bai fi minti ɗaya ko biyu ba, amma na yini jikina na rawa.

Bayaninsa a likitance shi ne, a matakin barcin da ake mafarki ƙwaƙwalwa tana kashe motsin gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali yakan riga jiki farkawa, sai mafarkin ya zubo cikin ɗakin da kake gani da idonka. Ƙarancin barci, damuwa, aikin dare da kwanciya rigingine suna ƙara jawo shi. Wata mai bincike a Harvard, Susan Clancy, ta zauna da masu cewa an sace su, ta fitar da littafi a 2005, ta nuna da yawansu daga irin wannan daren labarinsu ya faro, daga baya suka je neman fassara. Ni da na tashi a gidan da ake zancen dannau, mai mayafi na gani. Wanda ya tashi da bangon littafin nan a shagon unguwarsu, me kuke tsammani zai gani?

Wani abu kuma, duk wanda ya yi aiki a ɗakin bakwaini ya san wannan siffa. Kai ya fi jiki, hannu sirara, ba gashi, ido manya. Ranar da na fara ganin hoton eliyan abin da ya faɗo mini ke nan, har tausayi ya kama ni. Akwai ma wata 'yar ƙwarangwal mai tsawon santimita 15 da aka tsinta a hamadar Atakama ta ƙasar Chile a 2003, aka yi ta yawo da ita ana cewa baƙuwar sama ce. Gwajin ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2018 ya nuna jaririya ce 'yar Adam mai larurar ƙashi. 'Yar wata ce. Uwa ce ta ɗauki cikinta, aka mai da gawarta abin kallo da ciniki. Wannan ya daɗe yana ci mini rai.

Maman Sadik:
Innalillahi. Sista, tsigar jikina ta tashi. Dannau kam ya sha danne ni ina da cikin Sadik.

Ustaz Abu Maryam:
Bismillah. Tunda Hajiya aljani ta ambata, bari in ce wani abu. Mun yi imani da samuwar aljanu, nassi ne. Amma Allah ya ce a Suratul A'araf aya ta 27, Shaiɗan da rundunarsa suna ganinmu ta inda ba ma ganinsu. Saboda haka babu wanda zai ɗauko zanen wani Bature ya ce ga kamannin aljani, wannan faɗa ne ba da ilmi ba. Game da ko akwai wasu halittu a sama, akwai aya ta 29 a Suratush Shura da ta ambaci abin da Ya watsa na dabba a sammai da ƙasa, da aya ta 8 a Suratun Nahli cewa Yana halittar abin da ba ku sani ba. Malamai sun yi maganganu a kansu, mu dai ba mu ƙaryata abin da ba mu sani ba, ba mu kuma tabbatar da shi don an yi fim.

Ina roƙon 'yan'uwa masu tura bidiyon "an kama aljani a Amurka" su ji tsoron Allah su daina. Maman Sadik, shawarata kada ya shiga masallaci ko Islamiyya da rigar saboda hoton, kuma ki bi Hajiya a hankali. Tsoronta na ƙauna ne.

Abba Mai Buga Riguna:
Ustaz ya tuna mini wani bidiyo baƙi da fari da ake ta turowa, likitoci sun rufe fuska suna feɗe wani mai ƙaton ciki a kan tebur. Shi ma ƙarya ne?

Malam na Samaru:
Shi ne na Ray Santilli, ɗan kasuwar Landan, wanda ya fitar a 1995 ya ce daga Roswell, garin Amurka da ake cewa faifai mai tashi ya faɗo kusa da shi, aka ɗauka a 1947. A 2006 ya amsa cewa haɗa shi aka yi a wani gida a Landan. Wani masassaƙi ne ya ƙera gunkin, aka cusa masa ƙwaƙwalwar tumaki da kayan cikin kaji. Shi Roswell ɗin ma, a 1947 tarkace kawai aka tsinta a wata gona a jihar New Mexico, sanduna da roba da takarda mai ƙyalli. Zancen gawarwaki ya taso ne bayan shekara 30, musamman da littafin da ya fito a 1980. A 1994 sojan saman Amurka suka ce balan-balan ne na wani shirin asiri mai suna Mogul, na sauraren gwajin nukiliyar Tarayyar Sobiyet. Daga baya kuma akwai waɗanda ɗan jarida Jaime Maussan ya kai majalisar dokokin Meziko a Satumbar 2023 cikin akwatuna. A Janairun 2024 masana binciken gawa na ƙasar Peru suka nuna wasu irinsu da aka kama a filin jirgin Lima, suka ce 'yan tsana ne da aka haɗa da ƙasusuwa da gam na zamani.

Abba Mai Buga Riguna:
To ni bari in faɗi abin da na sani a sana'ata, don na gane dalilin da ya sa ta ƙi mutuwa. Fuskar nan ba ta da wahala ko kaɗan. Ƙwai ɗaya a juye, ganye biyu baƙaƙe, shi ke nan. Fenti kala ɗaya ya isa, allon bugu ɗaya, ko daga nesa an gane ta, ko an ƙanƙanta ta kamar ƙwayar wake ba ta ɓacewa. Zanen zaki sai na ɓata awa ina gyaran gashi, wannan minti biyar. Kuma ba ta da mai ita, ba wanda zai biyo ka da maganar haƙƙin mallaka. Kamfanin kwamfutar Alienware ita ce tambarinsa, kuma tun 2010 ta shiga jerin imoji. Samarin da ke saye a wurina ba ruwansu da sama, abin da suke nufi shi ne "ni daban nake". Wani ma kore yake cewa in yi masa ita, don ta fi fitowa a kan baƙin yadi.

Malam na Samaru:
Ka faɗi abin da littattafai ba su faɗa da kyau ba, Abba. Garin Roswell kansa da ita yake ci. Akwai gidan tarihi, akwai biki duk Yuli, har fitilun titi an zana musu idanun. A 2019 wani matashi ya buɗe gayyata a Facebook cewa a afka wa sansanin soja na Area 51 a jihar Nebada, inda ake raɗe-raɗin an ɓoye baƙin sama, sama da mutum miliyan 2 suka danna za su je, 'yan dubbai ƙalilan suka isa yankin, aka yi kiɗa aka sayar da riguna.

Ɗan Agadas:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ina biye da ku tun safe. Ni wannan zance ya shafe ni ta wata hanya da ba ku taɓo ba. Na yi shekaru ina tuƙa masu yawon buɗe ido cikin Ayar da Tenere kafin hanya ta lalace. A arewa da mu, cikin Aljeriya wajen Janet, akwai duwatsun Tasili masu zanen mutanen da, na shekaru dubbai. Wasu zanen mutane ne masu kai kewayayye, ba hanci ba baki. Wani Bafaranshe, Henri Lhote, da ya je a 1956, ya laƙaba wa wani babba daga ciki suna "babban ubangijin mutanen duniyar Mas". Daga baya Erich von Däniken, ɗan Suwizalan, ya ɗauki irin waɗannan a littafinsa na 1968 ya ce hujja ce baƙin sama sun sauko.

Na taɓa kai wasu Turawa Dabus, inda raƙuman dawan nan suke sassaƙe a kan dutse. Babban ya haura mita 5, an fitar da kowane tabo na jikinsa, har igiya ta sauko daga bakinsa zuwa wani ɗan mutum. Muna tsaye da hantsi, inuwa ta cika ramukan sassaƙar, ɗaya daga cikinsu ya juyo ya tambaye ni ko na yarda mutane ne suka yi. Abzinawan da ke gadin wurin suna tsaye a gefe. Wallahi sai da na ji kunya ta kama ni a madadinsa. Na ce masa mutanen da suka zauna nan lokacin da Sahara ke da ruwa da ciyawa, suna ganin raƙumin dawa kullum, don me ba za su iya ba?

Haka aka yi wa dalar Masar, haka aka yi wa Dogon na Mali, aka ce ilmin taurarinsu baƙi ne suka kawo. Ban taɓa jin an ce baƙin sama ne suka gina majami'un Faransa ba. Sai aikin ya zama namu ake nemo mai ƙaton kai a ba shi.

Malam na Samaru:
Wannan magana taka ta fi duk abin da na rubuta nauyi, ɗan'uwa. Na Dogon ɗin ma, wani masani ɗan Holan, Walter van Beek, ya zauna cikinsu shekaru, ya wallafa a 1991 cewa bai tarar da wannan ilmi na ɓoyayyiyar tauraruwa da masanin Faransa Marcel Griaule ya ruwaito ba.

Hajiya ta Kumasi:
'Ya'yana sannunku da hira. Jikata ce ke rubuta mini. Ni kalmar ce ta tsaya mini, don mu a zango mun san "eliyan" tun kafin mu san da wani dodon sama. A Turanci baƙo take nufi, wanda ba ɗan ƙasa ba. A Nuwambar 1969 gwamnatin Busia ta ba da doka cewa duk eliyan da ba shi da takarda ya bar Gana cikin sati biyu. Ina yarinya lokacin. Na ga maƙwabtanmu da aka haifa a nan, iyayensu ma a nan, suna sayar da gado da tukwane a wulaƙance, suna hawa manyan motoci zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. Wata ƙawata ta bar mini 'yar tsanarta ta kara ta ce in riƙe mata, har yau ba mu sake haɗuwa ba. A 1983 kuma Najeriya ta kori nata baƙin, 'yan Gana suka dawo da kaya a jaka. In na ji yara na cewa eliyan suna dariya, ni motocin nan nake gani.

Sista Hauwa:
Allah sarki Hajiya. Allah ya sada ku da alheri, in ba a nan ba a aljanna.

Injiniya Bashir:
Amin. Hajiya ta sa na tuna fim ɗin Afirka ta Kudu na 2009, District 9, inda aka tsare baƙin sama a unguwar kwano kamar 'yan gudun hijira, don a yi hannunka mai sanda ga wariyar launin fata. Amma a ciki aka nuna 'yan Najeriya a matsayin 'yan daba masu cin naman baƙin saman, har ministar yaɗa labarai ta lokacin, Dora Akunyili, ta nemi gidajen sinima su daina nuna shi. Fim na kare baƙi, ya samo nasa baƙin ya taka.

Maman Sadik:
Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Bayan la'asar na je wurin Hajiya da kunun gyaɗa, na zauna na karanta mata abin da Ustaz ya rubuta, sannan na Sista. Da na zo kan dannau sai ta gyara zama, ta ce ai wannan ita za ta ba da labari, ta kwashe kusan rabin awa tana faɗa mini yadda ya danne ta a ɗakin amarcinta da abin da kakarta ta sa ta riƙa karantawa. Na Hajiyar Kumasi kuwa sai da ta share ƙwalla, ta ce akwai dangin babanta da suka dawo daga Gwanja a wannan shekarar. Maganar ƙonawa dai ta janye, amma ta ce ba ta son ganin idanun nan in ta zo, kuma ba Islamiyya da ita. Na amsa mata. Sadik na nuna masa hoton raƙumin dawan Dabus a intanet, ya tsaya yana ƙirga tabban jikinsa har aka kira magariba. Yanzu shi yake so. Abba, za ka iya buga shi a riga?

Ɗan Agadas:
Ina da hoton da na ɗauka da hannuna da sassafe, tabban sun fito sarai. Zan turo wa Abba in na samu rezo mai ƙarfi.

Abba Mai Buga Riguna:
Zan iya Anti, sai dai wannan zai ci allo biyu saboda tabban, kuma ruwan ƙasa a kan farin yadi zai fi kyau. Turo mini shekarunsa da faɗin kafaɗarsa.